Tafiyar Kwana Biyu Da Ɗalibai: Daga Gonakin Kura Zuwa Duwatsun Rano

Tun da hutun ɗari ya matso, malaman makarantu da dama sun aiko mana da takardu suna tambaya yadda za su shirya fita da ɗalibansu su ga ƙasa. Galibinsu kwana biyu kaɗai gare su, kuɗin kuwa ba yawa, amma buri ya yi musu yawa. Akwai wanda ya rubuto yana so a kwana biyun nan ya ga Tiga, ya hau duwatsun Rano, ya ratsa dajin Falgore, har ya taɓo Riruwai. To, Malam, sannu. Wanda ya yi haka ba abin da zai gani sai ƙurar mota.

Dalilin da ya sa muka ɗauki maganar da nauyi shi ne mun taɓa ganin abin da ganganci ke jawowa. Wata shekara mun fita da ɗaliban wata kwalejin horon malamai a cikin watan Afrilu, muka fara hawan dutse bayan hantsi ya dubi ludayi, kowane mutum biyu da gora guda. Kafin azahar wani saurayi, wanda ya fi kowa gudu a makarantar, ya zube. Gumi ya ɗauke masa, jikinsa ya yi zafi jau, yana magana ba kai. Da ƙyar muka sauko da shi a kafaɗa. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma laifin namu ne, mu da muka zaɓi watan da kuma sa'ar.

Wannan kuskure ba kanmu farau ba. Baturen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851. Shekara guda kafin nan, cikin Yuli 1850, yana kusa da garin Gat a tsakiyar Sahara, sai ya bar ayari ya tafi shi kaɗai don ya hau dutsen Idinen, wanda Buzaye ke cewa gidan aljannu ne. A ido dutsen kusa yake, ashe akwai kwazazzabo mai zurfi tsakani. Ruwansa ya ƙare, ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotson jininsa. Sai kashegari wani Buzu ya bi sawunsa ya tsince shi rai a hannun Allah. Mutumin da daga baya ya ratsa ƙasashen Sudan har Tambutu, yinin nan guda ya kusa gamawa da shi.

A Amurka akwai wani kwazazzabo a hamadar jihar Arizona da ake kira Grand Canyon, wanda kogin Kolorado ya yanka. Tsawonsa mil 277, zurfinsa kuwa ya kai mil guda. Gwamnatinsu ta keɓe shi tun 1919, masu tsaronsa kuma kullum suna gargaɗin baƙi kada su sauka har bakin kogi su komo a yini guda. Hujjarsu ita ce mai shiga kwazazzabo da gangara yake farawa, ƙafa tana ta gudu da kanta, ba ya jin wuya, sai ya zarce inda ƙarfinsa zai iya komo da shi. Ƙasan kuma ya fi sama zafi ƙwarai. Lissafin da suke bayarwa shi ne hawowa yana cin ninki biyu na lokacin sauka. Mu a nan dutse muke hawa, watau wahalar tana zuwa da fari, amma kada wannan ya ruɗi malami. Galibin zamewa da targaɗe wajen saukowa ake yinsu, sa'ad da gwiwa ta yi sanyi, yara kuma suna ɗokin isa ƙasa.

Ga yadda mu muke raba kwanakin. Rana ta fari ta ƙasa ce, ba hawa. A tashi daga Kano da sassafe a sauka Kura. Garin nan tun zamanin da sananne ne wajen rini, baƙin rawanin nan mai sheƙi da Buzayen Azbin ke naɗawa ai sunansa ɗan Kura. Yau kuwa shinkafa ce ta fi fito da sunansa. Daga nan a bi gefen hanyar ruwa da ƙafa wajen ƙasar Bunkure, mil biyar ko shida ya isa. A nan ne ɗalibi zai ga da idonsa abin da ake koya masa a aji. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan kuma da kansa yake gangarowa ta babbar hanya, ya rabu zuwa ƙanana, har ya shiga fadamun Kura da Bunkure da Garun Malam, ba injin da ke tura shi. Tun da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke lura da aikin, kyautuwa ya yi a rubuta mata tun da wuri, ko a sami ma'aikaci ya nuna wa yara yadda ake buɗe ƙofofin ruwa. Cikin ɗari za a tarar da alkama kore shar, ga tumatir, ga albasa, alhali bayan iyakar ruwan ƙasa ta bushe ƙurmus. Malamin labarin ƙasa da ya tsai da ɗalibansa a kan wannan iyaka, ya ce su dubi dama su dubi hagu, ya huta da bayanin mako guda.

Amma fa a ja musu kunne game da ruwan. Yana da ban sha'awa ga wanda ya sha rana, sai dai inda aka dafe gefensa da siminti akwai santsi, wanda ya faɗa fita takan yi wuya. Ga kuma tsargiya, wadda ƙananan dodon koɗi ke ɗauke da ita a irin wannan ruwa. Ba wanka, ba sha.

Tafiyar ranar fari tana da wani amfani da ba mu faɗa wa ɗalibai: da ita muke gane wanda takalminsa ke cizonsa, da wanda numfashinsa ke gazawa. Irin waɗannan kashegari su ne masu tsaron kaya a gindin dutse, kuma ba abin kunya ba ne.

A kwana Rano ko Rurum. Da isa, kafin a kwance kaya, a je a gai da hakimi ko dagaci, a gaya masa yawan mutane da inda aka nufa, a roƙe shi ɗan jagora. In an sami maharbi ya fi. Shi ya san kogon da zuma ta yi saƙa, da inda kububuwa ke kwanciya, da tsaunin da mutanen gari ba su so baƙo ya taka. Taswira ba ta san waɗannan ba.

Rana ta biyu a kama hawa da an idar da sallar asuba, gari ya waye ana ganin ƙafa. Kowane mutum ya riƙe ruwansa, galan guda, kada a tara shi a kan mutum ɗaya. Guzuri kuwa a haɗa da mai gishiri, kamar ƙuli-ƙuli ko kilishi, tare da dabino, domin gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, wanda ya yi ta ɗurar ruwa ba ci shi ma yakan galabaita. Malami guda a gaba bayan jagora, guda a can ƙarshe, a riƙa ƙirga kawuna duk inda aka huta. Muhimmin abu shi ne a yanke sa'ar juyowa tun ana ƙasa. Mu ƙarfe goma muke sawa, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Lalle yara za su yi gunaguni, su ce saura kaɗan. Kullum saura kaɗan ne. A bar su su yi ta gunaguninsu suna saukowa.

Watannin Disamba da Janairu su ne na wannan tafiya, ko da yake hazo yakan rage nisan gani daga sama. Daga Maris zuwa Mayu a haƙura. Da damina dutse santsi gare shi, ƙoramar da aka tsallake a bushe da safe kuma tana iya cika kafin a komo. Azumi ma ba lokacin hawa ba ne.

Shi kuwa malamin da ke son Riruwai, ya keɓe mata tafiya dabam. Duwatsunta, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sun fi na Rano tsawo nesa ba kusa ba, hanyar kuma ta cikin Falgore take bi, wanda ba a shiga da 'ya'yan mutane sai an ji daga bakin hukuma cewa lafiya lau ne a makon. Ya rubuta wa Ƙaramar Hukumar Doguwa tun wata guda kafin tafiya, ya kuma karɓi yardar iyaye a rubuce.