Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Neman Taimako Ba Bara Ba Ne

A wannan wata za mu tattauna wata magana da ta shafi kowane gida a karkara. Maganar ita ce: idan wahala ta sami mutum, yaya zai buɗe baki ya nemi taimako tun abin bai ɓaci ba?

Kowa ya san halin da ake shiga a tsakiyar damina, wato watan Yuli da Agusta. Hatsin bara ya ƙare a rumbu, na bana bai nuna ba. Ga noma yana jira, ga zazzaɓin sauro yana kwantar da yara. A irin wannan lokaci ne magidanci zai sa rigarsa mai kyau ya fita. A gaishe shi, ya ce lafiya lau. Alhali kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba.

Me ya hana shi magana? Kunya ce. Yana gudun a ce ya kasa riƙe gidansa. Kunya hali ne mai kyau, kuma rufin asiri abin so ne. Amma kunyar da za ta sa yaro ya kwana da yunwa ta zama cuta.

YADDA SHIRU KE CINYE GONA

Wahala ba ta cinye gida rana ɗaya. A hankali take bi. Bari mu ɗauki misalin manomin da hatsinsa ya ƙare a farkon Yuli, ya kuma ƙi gaya wa kowa.

Da farko za a rage tuwo, a koma cin tafasa da rama da zogale. Daga nan sai ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a gonar wani, don ya samo abin da za a ci da dare. Ciyawa kuwa ba ta jira, sai ta rufe tasa gonar. Sannan ya sayar da akuya da araha, domin a lokacin masu sayarwa sun yi yawa, hatsi kuma ya yi tsada. In abin ya ci gaba sai ya je wurin mai ba da rancen hatsi da riba, ya karɓi buhu 1 a kan zai biya 2 da kaka. Da kaka ta zo, amfanin ya yi kaɗan saboda gonar ba ta sami noma ba. Ya biya bashi, rumbu ya koma wayam. Baɗi sai jinginar da gona. Daga jingina sai sayarwa.

To, ku duba. A farkon Yuli tiya kaɗan daga wurin ɗan'uwa ta isa ta tsayar da shi a gonarsa. Amma da ya yi shiru, gonar ce gaba ɗaya ta tafi. Saboda haka taimakon da aka nema da wuri ƙarami ne, mai sauƙin bayarwa, mai sauƙin biya. Wanda aka nema a makare shi ne mai nauyi.

KAKANNINMU BA SU TSIRA SU KAƊAI BA

Ƙasar Hausa ta ga yunwa iri-iri. An yi Kakalaba a shekarar 1914. An yi babban fari a 1973, aka sake yin wani a 1984. A 2022 kuma ambaliyar ruwa ta cinye gonaki da gidaje a jihohi da yawa, har da Jigawa. Ku tambayi tsofaffin da suka ga fari. Za su gaya muku cewa da taimakon juna aka rayu.

Shi ya sa muka gāji hanyoyi masu kyau. Akwai gayya: mutum ya kwanta ciwo, a taru a nome masa gona. Akwai adashi: kowa ya zuba, wanda buƙata ta matsa ya roƙi a ba shi ɗauka da wuri. Akwai aron gona da aron iri. Mata suna ba juna kiwon akuya, in ta haihu a raba 'ya'yan yadda aka yi alkawari. Fulani makiyaya suna da al'adar da suke kira habbanaye: a ba wanda ya rasa dabbobi aron saniya, ta haifa masa 'yan maruƙa, sannan ya mayar da uwar ga mai ita.

Duk waɗannan ba bara ba ne. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Wanda aka nome wa gona bana, shi zai riƙe fartanya a gonar wani baɗi. Mai bara ya mai da roƙo sana'a. Mai neman taimako kuwa so yake ya miƙe ya ci gaba da neman na kansa.

WURIN WA ZA KA JE?

Na farko, iyalinka. Maigida, ka zauna da uwargida ka gaya mata gaskiyar abin da ya rage a rumbu. Ita ke auna tsaba, kuma sau da yawa tana da dabarar da ba ka sani ba. Ke ma uwargida, in jikinki ba daɗi, musamman in kina da juna biyu, kada ki daure ki yi shiru. Ki faɗa, a kai ki awo.

Na biyu, dangi da aminai da maƙwabta. Ka zaɓi mai riƙon asiri.

Na uku, mai unguwa da liman. Su suka san masu fitar da zakka. Zakkar hatsi kashi 1 ce cikin 10 in da ruwan sama aka noma, kashi 1 cikin 20 in da wahalar ban-ruwa aka noma. Alƙur'ani ya ambaci mutane iri 8 da ake ba zakka, a Suratut Tauba, aya ta 60. Cikinsu akwai matalauta da waɗanda bashi ya danne. Wato in kana cikinsu, haƙƙinka ka karɓa. A jihohi irin su Kano da Sakkwato har hukumar zakka gwamnati ta kafa.

Na huɗu, ma'aikatan hukuma. In tsutsa ko fara ta faɗa wa gona, a gaya wa malamin gona nan da nan. In ambaliya ko gobara ce, a sanar da dagaci, a rubuta sunaye da abin da aka rasa, don a kai wa hukumar agajin gaggawa. Wanda ba a rubuta sunansa ba, da wuya agaji ya same shi. A yi hattara da masu cewa sai an ba su kuɗi kafin su sa suna.

KADA A ƁOYE YARO MAI TAMOWA

A nan ne shiru ya fi yin ɓarna. Wasu iyaye suna ɓoye yaron da ya rame, don kada a ce ba sa ciyar da shi. Ga alamun tamowa: yaro ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa biyu su kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ya daina wasa, ya ƙi cin abinci.

A asibiti ana auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da wani ɗan zare mai launi uku. Kore lafiya. Rawaya gargaɗi. Ja kuwa haɗari ne. Akwai abinci na musamman da ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda ke tayar da irin waɗannan yara cikin 'yan makonni. Da shi aka ceci dubban yara a yankin Maraɗi lokacin yunwar Nijar ta 2005. Tamowa tana da magani in an kai yaro da wuri. Wannan abinci magani ne. Na mai ciwon ne shi kaɗai, ba a rabawa, ba a sayarwa.

YADDA AKE NEMA DA YADDA AKE KARƁA

1. Ka nema da wuri. Ka leƙa rumbu tun bazara, ka lissafa wata nawa zai kai ku.

2. Ka faɗi abin da kake so sarai. Maimakon ka ce, "Abubuwa sun yi wuya," ka ce, "Yaya, ina neman aron gero tiya 10, zan biya in an yi girbi."

3. Ku bambance kyauta da rance tun farko. In rance ne, a rubuta a takarda, a sa rana, a sa shaidu. Ga amfanin karatun da kuka koya a aji.

4. In an ba ka, ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya. Kada ka ce a bar shi alhali kana buƙata. Kada kuma ka raina don kaɗan ne.

5. In wani ya ce ba shi da hali, kada ka yi fushi. Wataƙila shi ma ɓoye tasa yake yi. Ka gwada wata ƙofar.

6. Ka cika alkawari. In lokaci ya yi ba ka samu ba, ka je da ƙafarka ka faɗa. Wanda ya biya bana shi ake ba baɗi.

Ba hatsi da kuɗi kaɗai ne taimako ba. Wanda aka yi wa rasuwa, ko damuwa ta hana shi barci, yana buƙatar wanda zai saurare shi. Ya sami amini ko malami ya faɗa masa. In abin ya daɗe, a je asibiti.

GA MASU HALI

Ku ma akwai naku aikin. Mai kunya ba zai zo ba, sai kun lura. In ka ga gidan maƙwabci ba hayaƙi, ko yaransa sun daina zuwa makaranta, ka aika da dare, ba tare da kowa ya sani ba. Kada ka yi gori daga baya. Gori shi ke sa mutane su gwammace yunwa da buɗe baki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yau kai ne mai bayarwa, gobe kai ne mai karɓa. Muna roƙon ɗaliban ajin yaƙi da jahilci su karanta wa waɗanda ba su iya ba wannan bayani, a zaure da cikin gida. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu damina mai albarka, amin.