Tsohuwar Gita da Sababbin Kunnuwa

Yara, kun san molo, kun san gurmi. In makaɗi yana so muryar molonsa ta hau, sai ya ja ƴar fatar da ta riƙe tsirkiya a jikin sanda. In yana so ta sauka, sai ya sassauta. Gitar lantarki ma haka take. Amma ita tsirkiyoyinta shida ne, na ƙarfe, kuma ba da fata ake jan su ba. A kan gita akwai ƴan ƙarafa shida da ake murɗawa. Mu kira su kunnuwa, don sun yi kama da kunne.

A shekarar 1954 kamfanin Fender na Amurka ya fito da wata gita mai suna Stratocaster. Ta yi suna ƙwarai, amma da tsada. A 1982 sai aka fara yin irinta mai araha da sunan Squier. Wasu kamfanoni ma suka yi ta kwaikwayon siffarta. Gita mai wannan siffa ita ce Mdou Moctar, makaɗin ƙasarmu, yake kaɗawa. Shi kuwa da yana yaro, da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko.

Gita mai araha, sau da yawa katakonta da kyau. Ƙarafanta ne ba su da ƙarko. In ta tsufa, sai ka daidaita muryarta, kafin ka gama kiɗi ɗaya ta sauka. To, sai a yar da ita? A'a. Da tsohuwar zuma ake magani.

Yaya kunne yake aiki? A cikinsa akwai ƙaramin faifan ƙarfe mai haƙora. In ka murɗa kunne, haƙoran su juya ƴar sandar da aka naɗa tsirkiya a kanta. A wasu kunnuwa, sai ka murɗa sau 14 sandar ta zagaya sau ɗaya. A wasu kuma sai sau 18. Mai 18 ya fi sauƙin daidaitawa, don sannu sannu yake ja. Tsirkiyoyin nan shida suna jan wuyan gita da ƙarfin da ya kai wajen kilo 40 zuwa 50. Shi ya sa yau da gobe haƙoran sukan cinye.

Amma mai gyara na kirki ba ya gaggawar saye. Sai ya nemi inda ciwo yake tukuna. Lokacin hunturu katako yakan bushe ya tsuke, notin kunne ya kwance. Maganin wannan ɗaurewa ce kawai. Wani lokaci tsirkiya ce ba a naɗa ta da kyau ba. Zagaye biyu ko uku ya isa, kada wani ya hau wani. Wani lokaci kuma laifin ƙaramin jaki ne, wato ɗan abin nan mai tsaga shida da tsirkiyoyi suke bi ta kansa kusa da kan gita. In tsirkiya tana maƙalewa a tsagar, sai a goga bakin fensir a ciki, ta samu santsi.

In an yi duk wannan amma kunne yana juyawa a banza, to ya mutu, sai sabo. Ga yadda ake yi.

Da fari a kwance tsirkiyoyi, a cire tsofaffin kunnuwa da turnabis. Sa'an nan a auna ramukan da ke kan gitar. Wannan shi ne babban aiki. Ramin tsohon yayi faɗinsa wajen milimita 8 ne, kunnuwan zamani kuwa da yawa milimita 10 suke bukata. Wanda ya saya bai auna ba, kuɗinsa ya tafi banza. A duba kuma ko kunnuwan shida ne a jere gefe ɗaya, ko uku nan uku can.

In rami ya yi ƙanƙanta, a buɗa shi da hannu, kaɗan kaɗan. Kada a buga kunne da guduma, kan gita zai tsage. Kafin a ɗaura ƴan ƙusoshi masu murɗi, a jera kunnuwan da ma'auni su miƙe, a huda musu ƴan ramuka. Daga nan a sa sababbin tsirkiyoyi, a ɗan ja kowace da yatsa, a sāke daidaitawa.

Bayan kunnuwa, a duba babban jaki. In ya yi tsatsa yana tsinke tsirkiya, a sāke shi, amma shi ma sai an auna. A duba kuma ramin da ake soka waya. In yana ƙara, mai gyaran rediyo zai liƙe shi da dalma. Kada a taɓa wannan aiki sai an zare waya daga ampili. Ampili kuwa yaro ba ya buɗe shi, don ko an kashe shi akwai sauran wuta a ciki.

Tsofaffin ƙarafa kada a zubar. A tara su cikin gwangwani, wata rana za su yi wa wata gita amfani.

Tambayoyi

1. Da me ake jan tsirkiyar molo? Ta gita fa?
2. Don me notin kunne yake kwancewa da hunturu?
3. Kunne mai 18, sau nawa za ka murɗa shi sandarsa ta zagaya sau 3?
4. Me zai faru ga wanda ya saya bai auna ba?