Abin da Ke Sa Danƙo Komawa

A lungunan Nasarawa, kudu da Kogin Kaduna, yaro kan yanko robar tsohuwar taya ya haɗa danƙon harbin tsuntsu. In ya ja ya saki, sai robar ta koma yadda take. Ledar ruwan sha kuwa, in ya ja ta da haƙori, miƙewa take yi ta ƙi komawa.

Unguwar da ke maƙwabtaka da Kakuri, inda masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, ba a koya mata sha'anin zare. Sai dai akwai zaren da ido ba ya gani. A 1920 Bajamushe Hermann Staudinger ya ce roba da auduga dogayen sarƙoƙi ne na ƙwayoyi dubbai, kowace riƙe da 'yar'uwarta.

To yaya sarƙar ke kwanciya? A 1934 Werner Kuhn ya ce a auna ta da lissafin tafiyar da ba ta da alƙibla. A dubi kaza mai kiwo: taku ɗaya gabas, na gaba kudu, ba ruwanta da inda ta fito. In ta yi taku 10,000 a haka, nisanta da mafarinta yakan kasance wajen taku 100 ne kacal. Haka sarƙar take a cukurkuɗe: a ninka tsawonta sau huɗu, faɗin dunƙulen sau biyu kacal zai ƙaru. Dunƙulen ma ba mulmulalle ba ne, ya fi kama da sandar sabulu, tsawonsa ya ninka kaurinsa fiye da sau uku.

Kwatancen da ɗan gyara. Kaza na iya sake taka sawunta, sarƙa kuwa ba ta ratsa jikinta. Paul Flory, wanda ya ci kyautar Nobel a 1974, ya nuna cewa a cikin ruwan da ke narkar da ita kumbura take yi, 100 ɗin nan ya kai wajen 250.

Zafi ba ya barin sarƙoƙin su huta, kullum cikin mutsu-mutsu suke, kuma hanyoyin cukurkuɗewa sun fi na miƙewa yawa nesa ba kusa ba. Shi ke jawo danƙo baya, tunda an ɗaure sarƙoƙinsa nan da can da farar wuta. Na leda ba a ɗaure suke ba, zamewa suke yi su jeru. Yaron da ya fizgi robarsa da sauri ya ɗora a leɓe zai ji ta ɗau ɗumi.