In Tiyon Sitiyari Ya Yi Yoyo

Babbar mota in ta sha kaya, ba ƙarfin direba kaɗai ke juya ta ba. Mai ne ke taimakonsa. Famfo yana tura man ta cikin tiyo zuwa sitiyari, wani tiyo kuma ya komo da shi.

In sitiyari ya yi nauyi, mai kuma yana ɗiga a ƙasa, to, akwai yoyo. Ka duba da ido. Kada ka laluba da hannu injin yana aiki, gama man yana iya huda fata.

Tiyon komowa, sau da yawa ƙara ɗaure bakinsa ya isa. Amma wanda ya fito daga famfo, in ya fashe, sai sabo. Waɗansu sukan naɗe shi da roba. Aikin banza ke nan, ba ta riƙewa. Man kuwa in ya fesa kan salansa mai zafi, sai gobara.

Kashe injin, ka kwance tsohon da sifana. Sa sabon da sabuwar robar baki, ka ɗaure. Zuba mai irin na motar. Sa'an nan ka ɗaga gabanta da jak, ka yi ta juya sitiyari dama da hagu har iska ta fita. Kashegari ka sake duba ƙasa.