Rinar Asiya da Kudan Zuma: Yadda Ɓarnarta Ke Bin Lokutan Shekara

A shekarar 2004 aka fara ganin wata irin rina mai rawayen ƙafafu a kudu maso yammacin Faransa. Asalinta daga Asiya ne, ana kuma kyautata zaton a cikin tukwanen da aka ɗauko daga ƙasar Sin ta shigo. Zuwa 2016 ta riga ta isa Sifen, da Fotugal, da Italiya, da Jamus, har da Ingila. Kudan zuma na cikin manyan abin farautarta, amma ɓarnarta ba ɗaya ba ce duk shekara.

Da hunturun Turai, gidan rina yakan mutu, sai sababbin sarauniyoyi kaɗai ke saura, suna ɓoye a ɓawon itace ko cikin ƙasa. Wajen Maris, sa'ad da sanyi ya ragu, kowace sarauniya takan gina ɗan ƙaramin gida ita kaɗai, ta saka ƙwai. A wannan lokaci ɓarnar kaɗan ce.

Daga Yuli ma'aikata sukan yawaita, sau da yawa su koma wani babban gida can ƙwanƙolin itace. Tsutsotsinsu nama suke ci, saboda haka tsakanin Agusta da Oktoba farauta ke tsananta. Rina takan yi ta shawagi a bakin amya, ta cafke kudan da ya dawo kiwo, ta yanke kansa da cikinsa, ta kai ƙirjin gida.

Babbar asara kuwa ba kisan kaɗai ba ce. Tsoro yakan hana kudan zuma fita, watau ba su tara abincin da zai kai su ƙarshen hunturu, sai amya ta mutu kafin sanyi ya wuce. Kudan zuman Asiya ya iya kāre kansa: sukan lulluɓe rina, zafin jikinsu ya kai wajen digiri 46, ta mutu. Na Turai bai ƙware a wannan dabara ba.

Don haka a can ake neman gidajen rina a rushe su tun kafin Oktoba, kafin sababbin sarauniyoyi su watse. Masu kiwon zuma kuma sukan ƙuntata bakin amya.

Jama'a, mu lura: ƙwaro ɗaya a cikin kaya ya isa ya jawo wa ƙasa asara, ga zuma, ga amfanin gonar da kudan zuma ke yi wa barbara. Wajibi ne masu shigo da kaya su ba jami'an bincike haɗin kai. Mai amya kuma da ya ga baƙon ƙwaro, ya hanzarta sanar da malamin gona. Rigakafi ya fi magani.