Ina Ake Samo Sababbin Waƙoƙin Bob Marley?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa a Mai'aduwa ta ƙasar Daura, ya aiko da tambaya: Bob Marley ya daɗe da mutuwa, to yaya ake ta fito da waƙoƙinsa da ba a taɓa ji ba? Ko wani ne ke kwaikwayon muryarsa?

To malam, mun gode da wasiƙarka. Ba kwaikwayo ba ne, tsofaffin waƙoƙi ne da aka adana. Shi wannan mawaƙin rege na ƙasar Jamaika ya mutu ran 11 ga Mayu, 1981. A 1992 aka tattara waƙoƙinsa 78 cikin faifai huɗu, aka sa musu suna Songs of Freedom, wato waƙoƙin 'yanci. A ciki akwai Judge Not, wadda ya fara yi a 1962, da wasu da ba a taɓa fitarwa ba, da wadda aka ɗauka a wasansa na ƙarshe gaban jama'a a birnin Pittsburgh na Amurka a 1980. Shi ya sa za ka ji tafi da sowa.

Ai ka san irin wannan a gida. Alhaji Mamman Shata, wanda aka binne a Daura a 1999, waƙoƙinsa da yawa a wajen biki da gidajen rediyo aka ɗauke su. Saboda haka in kana da tsohon kaset nasa, kada ka yar. Ka kare shi daga rana da ƙura, ka kai a kwafe maka a waya. Wataƙila ba mai irinsa sai kai.