Fadamar Haɗeja da Nguru: Fili Ɗaya, Masu Amfani da Yawa

Allah ya albarkaci ƙasarmu Nijeriya da wurare iri iri. Akwai kurmi a kudu, akwai tsaunukan Jos da na Mambila, ga kuma filayen arewa da suka miƙe har bakin Tafkin Chadi. Amma ƙasa ba ta ƙaruwa, mu ne muke ƙaruwa. Saboda haka tilas mu koyi yadda fili ɗaya zai biya bukatun mutane da yawa. Bari mu ɗauki misalin fadamar Haɗeja da Nguru, a jihohin Jigawa da Yobe.

Kogin Haɗeja da na Jama'are ne suke kawo mata ruwa. Da damina sukan cika su malale a kan fili, sauran ruwan ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Tun kaka da kakanni mutanen wurin suna amfani da fadamar bi da bi. Idan ruwa ya cika, masunta su kama kifi, manoma su noma shinkafa. Idan ya janye, a shuka wake da kayan lambu a cikin damshi. Da rani Fulani su kawo shanu kiwo, su bar taki a gonaki. Mata suna saƙa tabarmi da kaba. Ruwan da ya nutse a ƙasa shi ke cika rijiyoyi. Har tsuntsaye daga Turai sukan sauka a Dagona lokacin sanyi.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, domin noman rani da ruwan sha na Kano. Wannan ya amfani jama'a ƙwarai. Sai dai ambaliyar da fadamar ta dogara da ita ta ragu. Kuma da ruwa ya koma gudana rani da damina, sai ciyawar kacalla ta yaɗu, ta toshe hanyoyinsa. Wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Inda makiyaya ta ƙuntata kuwa, manomi da makiyayi sukan sami saɓani.

A shekarar 2000 an sa wani ɓangare na fadamar cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, amma suna kaɗai ba ya buɗe hanyar ruwa. Abin da ake bukata shi ne a riƙa sakin ruwan madatsa a kan kari, a share kacalla, a bar burtali, a kuma saurari masunci da makiyayi kafin a yanke shawara.

Mu ɗalibai, a cikinmu akwai injiniyoyi da malaman gona na gobe. Duk ranar da aka ba mu amanar kogi ko daji, mu tambaya: wa ke amfani da shi bayan mu? Wanda ke tushen ruwa kada ya manta da na gangare.